Ɗana Mai Shekara 5 Ba Ya Magana, Surukata Ta Ce A Kai Shi Ƙauye A Ajiye

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Kano, 'ya'yana uku. Na tsakiyan namiji ne, shekararsa 5, har yau bai yi baki ba. Yana ɗan shekara ɗaya da rabi yana cewa "Mama" da "ruwa", daga baya suka ɗauke. In na kira sunansa ba ya waiwayowa, amma ko ledar biskit aka buɗe a wani ɗaki sai ya taho. Wuni yake yana jera murafen kwalaben lemo, in aka taɓa ɗaya sai ihu da buga kai a bango. In maƙwabta suka tayar da janareta sai ya toshe kunne. Ba ya cin komai sai farar taliya da burodi. Makarantu biyu sun dawo mini da shi, wai yana hana yara karatu. Wani likita ya ce yana zargin otizim ne, ya ba mu takarda zuwa babban asibiti, amma maigida ya jefa ta a durowa, ya ce shi ma bai yi magana da wuri ba. Hajiya surukata ta ce iska ce, saboda ina fita da magariba lokacin da nake da cikinsa. Mun yi rubutu da hayaƙi har na gaji. Yanzu ta ce a kai shi wani gida a ƙauye inda ake ajiye irinsu har su warke. Yayarsa mai shekara 10 takan fasa makaranta ta tsare shi in zan fita sana'a. Jaririyata kuma na daina kai ta rigakafi, don an ce allura ce ta jawo. In an yi baƙi kulle shi nake a ɗaki. Anti, laifina ne? Yaya zan yi?

Wata uwa daga Kano

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Sannu da ɗawainiya, Allah Ya ba ki lada. Ba laifinki ba ne. Fitar magariba ba ta kawo wannan, abin da kika ci da cikinsa bai kawo shi ba, kuma ba ƙarancin kulawarki ba ne. Na fara da wannan ne don na san tambayar da ke hana ki barci ke nan, kuma uwar da take tuhumar kanta ba ta da sauran ƙarfin tsaya wa ɗanta.

Kafin komai, maganar gidan ƙauye. Kada ki yarda. Ki faɗa cikin ladabi, ki durƙusa in ta kama, amma kada ki yarda. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa, a Kaduna, suka fito da mutum wajen 300, manya da yara, da yawansu da mari a ƙafa da tabon duka a baya. Bayan makonni kaɗan aka sake samun irinsa a Daura. Iyayen da suka kai 'ya'yansu can ba mugaye ba ne, gyara suka je nema. Mafi yawan waɗanda aka tsare ɗin suna da bakin ba da labari, amma duk da haka shekaru suka yi ba wanda ya ji kukansu. To ina ga yaron da ko "ciwo" ba ya iya cewa? In an dake shi wa zai gaya wa? Yaron da taɓa masa murfin kwalba ɗaya ke sa shi buga kai a bango, ki yi tunanin yadda zai kasance a raba shi da ɗakinsa da uwarsa da duk abin da ya sani a dare ɗaya.

Yanzu ki buɗe durowar nan ki ɗauko takardar. Ni ba likita ba ce, kuma ba a tabbatar da wannan lalura ta wasiƙa, amma abubuwan da kika lissafa sun isa a ce likitan nan ya yi daidai da ya tura ku gaba. A Kano akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda za ki samu likitocin yara da na ƙwaƙwalwa da sashen kunne a wuri ɗaya. Ki roƙi a yi masa gwajin ji, ko da kin tabbata yana jin ƙarar leda, domin yaro yana iya jin wani sauti ya kasa jin wani, kuma matsalar kunne tana da nata gyaran daban. In kin taɓa ganin ya ƙame yana kallon wuri ɗaya na ɗan lokaci, ko jikinsa ya yi fizga, ki faɗa, saboda farfaɗiya ta fi yawa a cikin irin waɗannan yara, ita kuwa tana da magani. Babu gwajin jini ko hoton kai da ke nuna otizim. Likita zai zauna ya kalli yadda yake wasa, ya yi miki tambayoyi tun daga goyonsa. Yara sukan rikice a asibiti, don haka ki ɗauki gajerun bidiyo a wayarki tun daga gida: yana jera murafensa, kina kiran sunansa, yana cin abinci. Za su fi dogon bayani amfani.

A rediyo za ki ji ana cewa galahanga, amma kalmar ana jefa ta a kan lalurori daban-daban, shi ya sa nake riƙe da sunan da likita ya faɗa miki. Otizim bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa ta ginu tun farko, yana shafar magana da cuɗanya da mutane da yadda jiki ke karɓar ƙara, haske, wari da taɓi. Gado yana da babban kaso a cikinsa. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kimanin yaro 1 cikin 100 yana da shi, kuma an fi gano shi a maza, kusan ninki huɗu. A unguwarku kaɗai akwai ƙofofin da ake rufewa in an yi baƙi, irin taki. Hawa-hawa ne: wani zai yi magana har ya yi digiri, wani zai yi magana kaɗan, wani zai buƙaci mai kula da shi iya rayuwarsa. Ba wanda zai iya gaya miki yau matakin da ɗanki zai kai. Sai dai ki sani babu ƙwaya ko jiƙo ko allurar da ke warkar da shi. Duk wanda ya tallata miki haka a Facebook ko TikTok, kuɗinki yake so. Akwai magungunan da likita kan bayar in rashin barci ko cutar da kai ya yi tsanani, amma su rage wahala suke yi, ba cire lalurar ba. Abin da ke canza rayuwar yaro shi ne koyarwa, kullum, a hankali.

Jaririyarki kuma ki mayar da ita rigakafi a makon nan. Maganar allura ta samo asali ne daga wani likita a Ingila, Andrew Wakefield, wanda ya wallafa rahoto a 1998 a kan yara 12 kacal. Da aka bincika aka gano akwai maguɗi, a 2010 aka janye rahoton aka kuma ƙwace lasisinsa. A 2019 aka fitar da binciken da ya bi yara sama da 650,000 a ƙasar Denmark, ba a ga wata alaƙa tsakanin allurar da otizim ba. Abin da ke ruɗa iyaye shi ne alamomin sukan fito fili ne tsakanin shekara ɗaya da biyu, har wasu yaran su zubar da kalmomin da suka fara, kamar naki, a daidai shekarun da ake ta zaryar asibiti da kati. Ke shaida ce a kan yadda mashaƙo ya ɗebi yara a Kano a 2023, galibinsu waɗanda ba a yi wa allura ba. Ƙyanda ma ba ta tafi ko'ina ba.

To, mu zo kan abin da na fi so ki riƙe. Kin ce ɗanki ba ya magana. Ni kuwa da na karanta wasiƙarki sai na ga yana ta magana, ba a dai koyi yarensa ba. Toshe kunne magana ce: ƙarar nan tana yi mini zafi. Ihun da yake in an taɓa murfi magana ce: wannan layin shi kaɗai ne abin da ke zaune daidai a duniyata. Na yi shekaru ina koyarwa a firamare, kuma akwai wani yaro da nake tunawa har yau, wanda yake shiga ƙarƙashin benci duk lokacin da aka kaɗa ƙararrawa. Taurin kai na ɗauka, na sha fito da shi da tsawa. Sai bayan shekaru na gane ƙarar ce take sukarsa kamar allura. Ban samu damar neman afuwarsa ba, kuma abin bai bar zuciyata ba.

Ki ware minti goma, sau biyu ko uku a rana. Ki zauna a ƙasa kusa da shi, ki zo da naki murafen, ki jera naki layin a gefe, kada ki taɓa nasa. Kada ki ce "kalle ni", kada ki yi masa tambaya. Abin da ya yi ki yi. Wataƙila kwana da kwanaki ba zai kula ki ba, sai wata rana ya saci kallonki, ko ya miƙo hannu ya gyara miki layi. Ranar nan ƙofa ta buɗe. Daga nan sai ki riƙe murafen a hannunki kina ba shi ɗaya-ɗaya, kina cewa "murfi", ko "ja", ko "ƙara". Kalma ɗaya, ba jimla ba. Murafen da ake gani kamar su ne ciwon, da su zai koyi launi da ƙirga da jiran layi.

Mu iyaye mata muna da wata ɗabi'a, tun kafin yaro ya nema mun miƙa masa. A nan sai kin danne ta. In kin san ruwa yake so, ki riƙe kofin inda zai gani, ki yi shiru, ki ƙirga goma a zuciyarki. Duk abin da ya yi, ko miƙa hannu, ko jan zaninki, ko wani ɗan sauti, ki karɓa a matsayin roƙo, ki ce "ruwa", ki ba shi nan take. Kada ki ja abin har ya kai ga kuka. So muke ya gane cewa in ya isar da saƙo, duniya tana amsawa. Ki ɗauki hoton kofinsa, taliyarsa, banɗaki, takalminsa, katifarsa, a wanke miki su a shagon hoto a sa musu leda, ki liƙa a inda hannunsa zai kai. Ki koya masa ya ciro hoto ya miƙo miki. Wasu za su ce hakan zai sa ya yi ƙiwar magana. Ba haka ba ne. Yaron da ya samu hanyar isar da buƙata ihunsa ke raguwa, kuma da yawa daga nan suke fara furta kalma. Da hotunan nan kuma za ki jera masa tsarin yini, wanka, karin kumallo, wasa, barci, domin abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne rashin sanin abin da ke tafe. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da wani shiri na horar da iyayen yara 'yan shekara 2 zuwa 9 a kan irin waɗannan dabaru, har akwai shi kyauta a intanet. Ki tambayi likita ko akwai mai koyar da shi kusa da ku, tare da ƙwararren koyar da magana.

Buga kai kuwa, ki samu ɗan littafi. Duk ranar da ya faru ki rubuta abin da ya gabace shi: ƙara ce, yunwa ce, baƙo ne, an sauya hanya ne? Cikin mako biyu za ki fara ganin zaren. Ki duba haƙoransa da kunnensa da bayan gidansa, domin yaron da taliya da burodi kaɗai yake ci yana iya fama da taurin bayan gida, kuma ciwon da ba a iya faɗa da baki da kai ake faɗarsa. In abin ya taso ki sa matashi tsakaninsa da bango, ki rage magana, ki kori 'yan kallo. Duka ba ya koya masa komai sai tsoronki. Abinci kuma ban da ɗura. Ki riƙa ajiye ɗan mitsitsin sabon abu a gefen farantinsa, ko wake ƙwara biyu, ko ɗan yankan ƙwai, ba tare da kin ce ya ci ba, kullum, har ido da hanci su saba.

Abu ɗaya da ba ya jira: in akwai rijiya a gidan a yi mata murfi da kwaɗo. Irin waɗannan yara sukan sulale su fita, ruwa yana jan hankalinsu, kuma ba sa amsa kira. A mayar da sakatar ƙofar gida sama. Ki ɗinka lambar wayar babansa a cikin rigunansa. Mai shagon bakin layi da masu adaidaita sahun da ke tsayawa a kwanarku su san shi, su san gidansu.

Batun makaranta. Dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ce suna da haƙƙin ilimi ba tare da wariya ba, kyauta har sakandare, kuma makarantun gwamnati su karɓe su, su tanadi malamin da aka horar a kansu. Ki san da wannan don ki shiga ofis da ƙarfin gwiwa, ba a matsayin mai roƙon alfarma ba. Amma ba zan ɓoye miki ba, tsakanin takardar doka da ajin da ya cika maƙil da malami ɗaya akwai tafiya mai nisa. Makarantar Tudun Maliki da za a yi saurin nuna miki ta fi ƙarfi ne a kan kurame da makafi, buƙatarsu kuwa daban da ta ɗanki. Ki je wurin sakataren ilimi na ƙaramar hukumarku da takardar likita ki tambayi inda ake da malamin ilimi na musamman. Jami'ar Bayero tana da sashe guda na wannan fanni, kuma cikin waɗanda suka gama akwai masu neman inda za su yi aiki da abin da suka karanta.

Ni a ganina, ƙaramar makaranta kusa da gida mai shugaba mai tausayi ta fi babbar makaranta mai tsada da ba ta son sa. Makarantu biyun can sun dawo da shi ne don an kai shi kamar kowane yaro, an ajiye, an tafi. Wannan karon ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ki zauna da shugabar ki gaya mata komai tun kafin a biya ko sisi. Ku fara da awa ɗaya a rana, da wani babba a gefensa, ke ko wata 'yar'uwa ko wadda za ki ɗan riƙa sallama. A zaunar da shi nesa da ƙofa da ƙararrawa, a bar shi da murafe biyu ko uku a aljihu, a yarda ya fita ya sha iska in abin ya yi masa yawa, kuma a yi alƙawarin babu bulala. Ku tsayar da buri uku kacal na zangon: ya zauna minti biyar, ya nuna hoton banɗaki in ya matsu, ya ajiye jakarsa a wurinta. Kada ki auna shi da rubuta ABCD tukuna. Yaron da ya iya cin abinci da kansa, ya sa wandonsa, ya nemi banɗaki, ya samu ilimin da zai riƙe shi har tsufa. Islamiyya kuma, karatun taro da murya ɗaya yana iya yi masa nauyi. Ki fara da malama a gida, minti goma, ko karatun ƙari'i ɗaya a hankali a waya. Wasunsu suna son sautin da ake maimaitawa har su riƙe sura kafin su iya hira.

A 1943 wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya bayyana wannan lalura a kan yara 11. Na farko a jerin, Donald Triplett, iyayensa sun taɓa kai shi gidan ajiye yara yana ƙarami bisa shawarar zamanin, ya ƙara shiga cikin kansa, bayan kimanin shekara ɗaya suka je suka ɗauko abinsu. A ƙaramin garinsu ya tashi, kowa ya san halinsa, ya yi karatu, ya koyi tuƙi, ya yi aiki a banki, ya rasu a 2023 yana da shekara 89. Ban kawo shi don in yi miki alƙawarin naki zai zama haka ba. Na kawo shi ne don a gida da cikin mutanen da suka san shi ya samu abin da ya samu.

Maigidanki ba ƙin yaron yake ba. Namiji da yawa in abu ya fi ƙarfinsa sai ya ce babu shi. Kada ki tayar da maganar a gaban Hajiya, ko yana shigowa a gajiye. Ki samu lokacin da kuke ku biyu ki ce, "Abban yara, Allah Ya sa maganarka ce gaskiya. Mu je a duba, in jinkirin baki ne kawai hankalina ya kwanta." Ki nace ya shiga ɗakin likita da ƙafarsa, don abin da zai ƙi ji daga bakinki zai ji daga bakin likita. In ya ƙi, ki bi ta wurin yayansa ko amininsa. Sannan ki ba shi aiki ɗaya da zai zama nasa, ko zagayen unguwa da yaron bayan la'asar, hanya ɗaya kullum. Uba yakan fara karɓar ɗansa ne ranar da ɗan ya ɗauko takalmi ya tsaya a ƙofa yana jiransa.

Hajiya ma jikanta take so, da abin da ta sani take nema masa sauƙi. Kada ki ce mata camfi take yi. Addu'a da tofi da ayoyin Alƙur'ani ba su yi karo da asibiti ba, ku ci gaba da su safe da yamma. Inda za ki tsaya kai da fata shi ne hayaƙin da ke shaƙe shi, jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba, da duk mai cewa zai daki aljani a jikin yaro. Ki tuna mata, a matsayin 'ya mai neman ƙarin haske, cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce mu da neman magani. Kuma Muslim ya ruwaito cewa wata mata mai lalura a hankalinta ta tare shi ta ce tana da buƙata, ya ce ta zaɓi hanyar da take so, ya tsaya da ita har ta gama. Bai sa an kawar da ita daga idon mutane ba. Ki roƙi Hajiya ta raka ku asibiti. In ta ji da kunnenta, wataƙila ita ce za ta fi kowa haƙurin zama a tabarma tana miƙa masa murafe, kuma bakinta ne zai rufe na dangi.

Kulle shi in an yi baƙi kuwa, na fahimci abin da kike gudu, na san kallon da ake yi. Amma yana ji, yana kuma gane cewa shi ake kawarwa. Ki bar ƙofar ɗakin a buɗe, in ya so ya fito, in hayaniya ta dame shi ya koma da kansa. Wanda ya tambaya ki ce, "Yana da lalurar otizim, yana ganin likita, ba ya son a taɓa shi ba zato." Sau uku za ki faɗa, na huɗu bakinki ba zai yi rawa ba. Kuma kada ki yi mamaki in wata ta ja ki gefe ta ce ita ma tana da irinsa a gida. Ki riƙe lambarta.

Yayarsa ta koma makaranta ranar Litinin, kuma kada ta sake fashi saboda shi. Shekararta 10, ba ita ta haife shi ba. In aka ci gaba a haka za ta rasa karatunta, sannan ta tashi da ɗacin ƙaninta a rai, alhali ita ce wadda zai fi daɗewa da ita a duniya bayan ku. Ki sauya lokacin fitarki, ko ki dawo da sana'ar gida, ko a nemo wata babba daga dangi, ko kwanakin su zama na Hajiya. Ki zaunar da yarinyar ki yi mata bayanin lalurar da kalmomin da za ta gane, ki gode mata, ki ware mata lokacin da ba a zancen kowa sai ita, ko da na kitso ne.

Ki sake rubuto mini in kun dawo daga asibiti. Ina son in ji abin da gwajin kunnen ya nuna, da ko Abban yara ya shiga ɗakin likitan.